Kwaɗo Ba Ya Jin "Saura Kaɗan"

 

Yau maganar kwaɗo za mu yi. Kafin 'yan ajin Hausa su ɗaga hannu, bari mu fayyace: ba wanda ke kuka a kududdufi da damina ba, ba kuma na zogale da ƙuli-ƙuli ba, ko da yake mun san akwai masu karanta wannan shafi da yunwa a cikinsu. Kwaɗon rufe akwati muke nufi, musamman irin mai lambobi, wanda ba shi da makulli, sai dai a yi ta juya lambobi uku ko huɗu har su zo daidai ya buɗe. Wannan ɗan ƙaramin ƙarfe ya shiga azuzuwa a ƙasashe da dama a matsayin kayan koyarwa, kuma a ganinmu ya cancanci ku san yadda abin yake, ku san inda yake da amfani da inda yake yaudara.

A ce an dawo daga tara, malamin lissafi ya shigo bai taɓa alli ba. Ya ɗora akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana a kan tebur, a rufe da kwaɗuna uku. Ya raba ku rukuni-rukuni, ya miƙa wa kowane rukuni ambulan, ya ce kuna da minti talatin ku buɗe akwatin. Lambobin da za su buɗe kwaɗunan suna cikin ambulan ɗin, amma a ɓoye: sai kun warware tambayoyi daga darussan makonni uku da suka wuce kafin su fito. Wasan ke nan a taƙaice.

Asalinsa ba daga makaranta yake ba. A 2004 wani ɗan ƙasar Japan mai suna Toshimitsu Takagi ya saki wani wasan kwamfuta a intanet mai suna Crimson Room. Mai wasa yakan tsinci kansa a cikin jan ɗaki a kulle, sai ya bincika aljihun tebur da ƙarƙashin matashi da kowane lungu, ya haɗa abubuwan da ya tsinta har ya sami hanyar fita. A 2007 wani ɗan Japan ɗin kuma, Takao Kato, mai kamfanin SCRAP a birnin Kiyoto, ya fito da wasan daga cikin kwamfuta ya kawo shi ɗaki na gaske, da mutane na gaske, da agogo yana tafiya. A 2011 aka buɗe Parapark a Budafes, babban birnin Hangare, daga nan ɗakunan kuɓuta suka bazu a Turai da Amurka. Mutane kan biya kuɗi a shigar da su ɗaki na kusan awa ɗaya, su fita da ƙarfin tunaninsu ko lokaci ya ƙare musu.

Malaman makaranta sun ga yadda manya da yara ke zuba hankalinsu gaba ɗaya a wannan wasa, abin da ake fama a samu a aji. Amma ba za a kulle ɗalibai a ɗaki ba. Sai aka juya abin: maimakon a fita daga kulle, a shiga cikin abin da aka kulle. A 2015 James Sanders da Mark Hammons suka kafa Breakout EDU a Amurka, suna sayar wa makarantu akwati da tarin kwaɗuna: mai lambobi uku, mai huɗu, mai haruffa, mai kibiyoyin sama da ƙasa da hagu da dama, har da alƙalamin da tawadarsa ba ta ganuwa sai an haska ta da wata 'yar tocila ta musamman. Kayan suna da kyau, amma kamar yadda za mu gani, jakar makaranta da kwaɗunan kasuwa za su yi aikin.

Me kwaɗo ya fi jan biro da shi?

Idan ka yi aikin gida ka miƙa, sai bayan kwana biyu ko mako littafinka zai dawo. A ajin da ke da ɗalibai saba'in ko tamanin, wani lokacin ma sai dai a ga sa hannun malam a ƙasa. Kafin ka san ka yi kuskure, ka riga ka manta yadda ka yi tunanin da ya kai ka ga kuskuren. Kwaɗo kuwa nan take yake yanke hukunci. Ka sa 463, amsar 436 ce, ko motsi ba zai yi ba. Bai san ɗan wane ba, bai san monita ba, ba ya ba da rabin maki don rubutunka yana da kyau, ba ya kuma jin "Malam, saura kaɗan na samu". Sannan ba ya tsawa, ba ya dariya, ba ya kiran kowa daƙiƙi. Ɗalibar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba don tsoron a yi mata dariya, za ta iya gwada amsarta sau uku a jikin kwaɗo, kuskurenta ya tsaya tsakaninta da ƙarfe.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Yawancinmu idan jarrabawa ta ƙarato, karanta littafin rubutu muke yi, mu sake karantawa, mu sake, har shafin ya zama kamar fuskar ɗan gidanmu. Sai mu ɗauka mun iya. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun gwada wannan. Sun ba ɗaliban jami'a gajeren rubutu su karanta. Wasu aka sa su maimaita karatun, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka jarraba su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka jarraba bayan mako guda, labari ya sha bamban: waɗanda aka tilasta wa tono abin daga ƙwaƙwalwarsu su ne suka fi riƙewa. Wato wahalar tunowa ita ce ke kafa ilimi a kai. Wasan kwaɗo, idan an tsara shi da kyau, rabin awa ne na wannan wahalar, sai dai an sa mata zuma.

Mun ce "idan an tsara shi da kyau", kuma a nan gizo ke saƙar.

Yadda lamba ke fitowa daga darasi

Kowane darasi yana da lambobi a cikinsa, ko da ba lissafi ba ne. A darasin gwamnati, Najeriya tana da sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360, ƙananan hukumomi 774. Duk ukun sun dace da kwaɗo mai lambobi uku. Amma tambaya irin "sanatoci nawa ne?" hadda ce kawai. Wadda ta fi ta ita ce a rubuta: "Kowace jiha uku, Abuja ɗaya." Sai rukuni ya gane maganar majalisar dattawa ake yi, ya tuna jihohi 36 ne, ya ninka da uku ya sami 108, ya ƙara ɗaya. Wanda ya bi wannan hanya ya san dalilin da ya sa suke 109, da wuya kuma ya manta.

A darasin kimiyyar sinadarai, a zuba ɗan gishirin miya a leda a manna a jikin kati, a rubuta a ƙasa: "Iyayena biyu, ku nemi lambar gidan kowannensu." Gishiri haɗin sodiyam ne da kulorin. A jadawalin sinadarai sodiyam yana gida na 11, kulorin na 17. Kwaɗo mai lambobi huɗu zai buɗe da 1117. A darasin tarihi, shekarun kansu lambobi huɗu ne: 1804, 1914, 1960. Nan ma gara a ɓoye su a bayan bayani, a ce "shekarar da aka haɗe Arewa da Kudu", ko a ba da katuna huɗu na abubuwan da suka faru a ce a jera su daga na farko zuwa na ƙarshe, lambobin da ke bayan katunan su ba da amsa idan jerin ya yi daidai.

Masu darasin Arabiyya suna da taska a hannunsu. A hisabin abajada kowane harafi yana da lamba: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har sama. Malamanmu na da sukan ɓoye shekarar da suka kammala rubutu a cikin wata kalma ta wannan hanya, abin da ake kira ramzi. Saboda haka katin da aka rubuta jim, alif, dal a kansa yana nufin 314 ga wanda ya san sirrin.

Ga wani kuma da ya kamata kowane ɗalibi a ƙasar Hausa ya sani. Akwai wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan yadda ake tsara hatimin lambobi, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Hatimin lambobi shi ne a jera lambobi a gidaje yadda jimillar kowane layi za ta zama ɗaya, a kwance ko a tsaye ko a karkace. Mafi sauƙi shi ne mai gida tara, da lambobi 1 zuwa 9, kowane layi yana ba da 15. A cire lambobi uku daga ciki, an sami kwaɗo:

4 ? 2
? 5 7
8 1 ?

Layin sama yana buƙatar 9, na tsakiya 3, na ƙasa 6. Kwaɗon zai buɗe da 936. Wannan na ƙaramar sakandare ne. 'Yan babbar sakandare a ba su gida huɗu kawai a cike, su nemo sauran biyar.

Sai rubutun sirri, wanda shi ne ya fi sa aji ya kaure. Yuliyas Kaisar na Rum yakan aika wa mutanensa saƙo ta hanyar matsar da kowane harafi gaba da taki uku: A ta zama D, B ta zama E, haka dai. Ku gwada wannan da jerin haruffa 26 na Turanci. Malami ya ba rukuni takarda an rubuta DOOR a kai. Masu gaggawa za su ruga bakin ƙofa suna lalube, don sun karanta ta da Turanci. Mai natsuwa zai mayar da kowane harafi baya da taki uku: D ta koma A, O ta koma L, O ta biyu ma L, R ta koma O. ALLO. Ambulan na gaba yana bayan allo. Muna son wannan misali domin tarkon da ke cikinsa irin na zauren jarrabawa ne: amsar da ta fara zuwa kai ba lallai ita ce amsar ba.

To idan ba a faɗa maka taki nawa aka matsar ba fa? Tun ƙarni na 9 wani masani a Bagadaza, Alkindi, ya rubuta hanyar. Ya lura cewa a kowane harshe akwai haruffan da suka fi yawan fitowa. Idan ka ƙirga alamomin da ke cikin saƙon sirri, wadda ta fi yawa mai yiwuwa tana wakiltar harafin da ya fi yawa a harshen. A rubutun Hausa na boko ba a ma yin gardama: ku ɗauki fensir ku ƙirga haruffan wannan jimla, za ku ga "a" ta yi wa saura fintinkau. Ku riƙe wannan, za ku buƙace shi kafin ku ajiye shafin nan.

Inda wasan ke ɓaci

Akwai ɗalibin da ke cikin kowane aji, kun san shi, wanda ba zai ko kalli ambulan ba. Zai zauna gaban kwaɗo ya fara: 000, 001, 002. Mu yi masa lissafi. Kwaɗo mai lambobi uku yana da 10 sau 10 sau 10, wato hanyoyi 1,000. Idan kowane gwaji yana cin daƙiƙa biyu, zai gama da su duka a daƙiƙa 2,000, wato minti 33 da 'yan kai. Kuma ba sai ya kai ƙarshe ba. Galibi a tsakiyar hanya zai dace. Ke nan mai taurin kai zai iya buɗe kwaɗon cikin lokacin darasi ɗaya ba tare da ya san sodiyam daga kulorin ba. Mai lambobi huɗu yana da hanyoyi 10,000, wanda zai ci fiye da awa biyar da rabi, saboda haka ya fi tsaro. Amma shi ma yana da rauni: idan rukuni ya sami lambobi uku daga cikin huɗu, ta ƙarshe gwaji goma ne kacal. Tambayar da ta fi wuya, wadda malami ya fi son a yi tunani a kanta, ita ce za a tsallake.

Maganin wannan doka ce guda: ba a taɓa kwaɗo sai an nuna aiki a rubuce. Kowane rukuni ya zo da takarda mai nuna yadda kowace lamba ta fito, kuma gwaji uku kawai ake ba shi ga kowane kwaɗo. Wanda ya ƙona ukunsa ya jira minti biyu kafin ya dawo.

Matsala ta biyu ta fi ta farko ɓoyuwa. A rukunin mutum shida, sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin komai, wanda dama shi ke zuwa na ɗaya, sauran biyar suna kallo, su yi ihu idan kwaɗo ya buɗe. An yi nishaɗi, an ci alewa, amma wanda ya fi buƙatar bitar ya tashi yadda ya zauna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai an sa jinkar ta yi nauyin da hannu ɗaya ba zai iya ba. A raba bayanin: kowane mutum a rukuni a ba shi katinsa, a ce ba a miƙa wa wani, ba a nuna wa wani, sai dai a karanta a bayyana da baki. Ɗaya yana riƙe da jadawalin sinadarai, ɗaya da katin gishiri, ɗaya da tsarin jera lambobin. Dole gwanin aji ya saurari wadda ba ta cika magana ba, domin abin da yake nema yana hannunta. Kuma wanda zai je ya buɗe kwaɗo, malami ne zai nuna shi, ya kuma tambaye shi yadda aka yi lambar ta fito kafin ya taɓa.

Ta uku ita ce ado ya fi abinci yawa. Akan ga wasan da aka cika shi da ɓoye takardu a ƙarƙashin benci da rubutun da sai da madubi ake karantawa, aka kwashe minti ashirin ana lalube, darasin kansa bai sami minti biyar ba. Ma'auninmu a nan mai sauƙi ne: idan wanda bai taɓa shiga ajin ba zai iya buɗe akwatin da wayonsa kawai, to wasa aka yi, ba bita ba. Haka kuma a ganinmu wasan kwaɗo ba wurin koyon sabon abu ba ne. Agogo yana tafiya, hayaniya ta yi yawa, ba wanda zai fahimci sabuwar ƙa'idar lissafi a wannan hali. A koyar tukuna, a yi aiki a littafi, sannan a zo da akwati a ƙarshen babi.

Kuma kada a yarda ƙararrawa ta kaɗa daidai lokacin da akwati ya buɗe. A bar minti goma a ƙarshe, kowa ya zauna, a bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya a kan allo. Rukunin da ya sa 1711 maimakon 1117 ya faɗi dalilinsa. Wanda ya ɗauka jihohi 37 ne don ya haɗa da Abuja ya ji inda ya kauce. Rukunin da bai buɗe ba sam, shi ya fi kowa samun riba a wannan minti goma, muddin ba a mayar da shi abin tsokana ba.

Game da taimako kuwa, muna da tsarinmu tun kaka da kakanni. A kacici-kacici, wanda amsa ta gagara yakan ce "na ba ka gari", mai tambaya ya karɓi Kano ko Zariya sannan ya warware. A ba kowane rukuni katuna biyu masu sunayen garuruwa. Idan sun cije, su ba malami gari, shi kuma ya haska musu hanya kaɗan ba tare da ya faɗi lambar ba. Za ku sha mamakin irin muhawarar da za a yi kafin a yarda a saki Katsina.

Akwati ake kullewa, ba ƙofa ba

Wannan ba wurin raha ba ne. Ranar 4 ga Janairun 2019, a garin Koshalin na ƙasar Folan, 'yan mata biyar 'yan shekara 15 sun je wani ɗakin kuɓuta don bikin zagayowar ranar haihuwar ɗayarsu. Gobara ta tashi a ginin suna kulle a ciki, hayaƙi ya kashe su duka biyar. Bayan haka hukumomin ƙasar suka bi irin waɗannan wurare da bincike, suka rufe da dama. Sa'o'inku ne. Saboda haka duk wanda zai shirya wannan wasa, a aji ko a ɗakin kwana ko a gida, kada ya kulle ƙofa ko taga, kada ya ɗaure kowa, kada ya sa wani a cikin kabad ko akwati da sunan wasa. Idan za ku yi rubutun ɓoye da ruwan lemon tsami, wanda ke fitowa ruwan ƙasa idan takarda ta ji zafi, malami ne zai goga ta da dutsen guga. Ba ashana, ba kyandir.

Idan ba kuɗi, kuma aji ya cika

Ba sai an yi odar komai daga waje ba. Ƙananan kwaɗuna masu lambobi na jakar tafiya suna nan a wurin masu sayar da akwatuna, kuma yawancinsu ana iya sauya musu lamba, ke nan saye ɗaya zai yi shekara yana aiki. Jakar makaranta mai aljihu uku da zif ta isa: kowane aljihu da kwaɗonsa, na farko yana ɗauke da tambayar na biyu, na biyu da ta na uku. Ku kula da abu ɗaya idan akwatin ƙarfe za ku yi amfani da shi. In kuka sarƙafa kwaɗuna uku a jikin sarƙa ɗaya kamar carbi, buɗe ɗaya kawai zai saki sarƙar gaba ɗaya. Kowane kwaɗo ya riƙe murfin da kansa, ko a sa ƙaramin akwati a cikin babba.

A ajin mutum tamanin, rukuni goma sha uku ba za su yi layi a kan jaka ɗaya ba. A nan sai a naɗa masu tsaron ƙofa: ɗalibai uku ko huɗu da aka ba amsoshin tun farko, kowannensu yana zaune da ambulan a rufe. Rukuni ya kawo lambarsa a rubuce, mai tsaro ya ce "ta buɗe" ya miƙa ambulan na gaba, ko ya ce "ba ta buɗe ba", ba ƙari ba ragi. Kwaɗon gaske ɗaya tak a ajiye shi a matakin ƙarshe. Sai dai a zaɓi masu tsaron da ba sa sayuwa da gyaɗa ko awara. Abin da ke cikin akwatin kuma kada ya zama mai tsada: fensir, alewa, ko takardar da ta ce rukunin da ya yi nasara shi zai tsara wasa na gaba.

Wannan ladar ta ƙarshe ita muka fi so, domin wanda ya fi kowa koyo a wasan kwaɗo shi ne wanda ya tsara shi. Kafin ka mayar da babi guda zuwa lambobi huɗu, dole ka san babin ciki da bai. Dole ka tabbata tambayarka amsa ɗaya take da ita, ba biyu ba. Idan ka ce "shekarar da aka ƙirƙiri jihohi", wani zai sa 1967, wani 1976, wani 1987 ko 1991 ko 1996, kuma kowannensu yana da gaskiya. Kai ne ba ka tsaya ka yi tunani ba. Dole kuma ka ba wani abokinka ya gwada wasan daga farko zuwa ƙarshe kafin ka kawo shi aji, ka kuma rubuta lambobin a ajiye wurin malami, don kada a wayi gari da jaka a kulle ba wanda ya san mabuɗinta. Kulob ɗin lissafi ko na kimiyya zai iya ɗaukar wannan a matsayin aikin zango: 'yan aji biyar su tsara wa 'yan aji huɗu, daga darussan da su suka riga suka wuce. Ku kai wa malaminku shirin a rubuce, ku nemi darasi ɗaya kafin jarrabawar ƙarshen zango. Da wuya malamin da ya ga kun yi aikin da kanku ya hana.

Kwaɗon wannan mako

Ga namu, mai lambobi huɗu. Ku yi shi ku uku ko huɗu, kuma ku rubuta yadda kowace lamba ta fito.

Lambar gidan kabon a jadawalin sinadarai.
Darajar x idan 3x + 5 = 26.
Lambar ƙarshe a shekarar da Najeriya ta zama jamhuriya.
Yawan ƙasashen da suka yi iyaka da Najeriya ta tudu.

Kada ku yi saurin jera su. A jikin kwaɗon an manna wata 'yar takarda da aka rubuta da Hausa, da haruffa 26 na Turanci, kuma ba da taki uku aka matsar da su ba. Idan harafi ya wuce Z, yakan zagayo ya faro daga A:

HCTC FCIC DCAC

Amsa tana nan tafe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Kafin nan, ba ma karɓar gari.